Manja a Harshen Dalva

Duk wanda ke bi ta tashar Lapa, a birnin Salvador, da sassafe ya san Bira. In bai san fuskarsa ba, ya san muryarsa. Shi ne mai 'yar motar katakon nan ta sayar da gahawa, mai sitiyari da madubi da lasifika, filas-filas jere a bayanta kamar fasinjojin da suka biya kuɗin kujera. Gahawar tasa dai gahawa ce, ba ta fi ta kowa ba. Bakinsa mutane ke saye. Ɗan sanda ya sha zuwa korarsa, ya koma da kofi a hannu yana dariya, ya manta abin da ya kawo shi.

Matarsa Dalva na da ciki wata biyar, 'yan biyu, duka mata. Tun kafin su yi motsi mahaifiyarsa Dona Zuleide ta raɗa musu suna, Cosma da Damiana, albarkacin waliyyan nan tagwaye, Cosme da Damião, waɗanda take dafa wa caruru, miyar kuɓewa da manja, duk Satumba tun Bira bai zo duniya ba. A wurinta ba ciki ba ne kawai, sakamako ne. Shekara da shekaru tana yanka kuɓewa, ga shi waliyyai sun tuna da gidanta.

Sai cikin ya soma abin da ba a gane ba. Cikin 'yan kwanaki ya kumbura kamar ana hura shi da famfon taya, fatar tana ƙyalli, Dalva ba ta iya kwanciya sai a zaune, numfashi sama-sama. Matan layi suna shafawa suna cewa albarka ce. Aka je aka yi sikanin, mai sikanin ya daina hira, ya kira wani, wanin ya kira wata.

Abin da aka gaya musu shi ne yaran mabiyiya ɗaya suke ci, kuma akwai jijiyoyin jini da suka haɗa su. Jini na zarcewa daga ɗaya zuwa ɗaya, ba ya dawowa. Ɗaya ta cika ta batse, tana iyo cikin ruwa mai yawa, zuciyarta na neman gajiya. Ɗayar ta ƙanjame, ruwanta ya ƙafe, ta manne a gefe. In aka bar su haka, duka za su tafi.

"Na gane," in ji Bira. "Ɗaya Sanata ce, ɗaya Talaka."

Likitan bai yi dariya ba. Dalva ta yi, 'yar kaɗan, tana riƙe da haƙarƙari. Sunan kuwa ya bi su. Da yamma Bira ya kan kafa baki a gefen cikin, inda aka ce ƙaramar take, ya ce, "Talaka, yi haƙuri, zaɓe na zuwa."

Magani akwai. Ba a farke ciki. Ana huda ɗan rami ne, a zura siririn ƙarfe mai kamara a baki, a bi jijiyoyin nan ɗaya bayan ɗaya a ƙone su da wani haske, kowa ta koma cin nata. Amma masu yin aikin ba su da yawa, na'urar ma haka. Sunan Dalva ya shiga layin gwamnati. Layin nan kun san shi, ba a ganinsa, ba a tsayuwa a cikinsa, amma sai ya gajiyar da mutum fiye da na banki. Mako ya bi mako. Bira ya je ofis, aka ce ya jira waya. Ya jira waya, aka ce ya zo ofis. Ya kai wa matar da ke bakin taga gahawa da madara kyauta har ta fara kiransa ɗana, layin bai motsa ba.

Ran nan waya ta yi ƙara. Wata likita, Dotora Solange, za ta sauka daga São Paulo da na'urarta, ta yi wa mata uku aiki a yini ɗaya ta koma. Dalva ce ta biyu. Aka faɗi ranar, Bira ya maimaita a fili, Dona Zuleide ta saki tsintsiya ta durƙusa a tsakar ɗaki. Ranar waliyyai ce.

"Ka gani ko?" ta ce. "Kai da ka ce kuɓewa kawai nake ɓarnatarwa."

"Mainha, uwata, yaushe na ce haka? Cewa na yi ki rage citta."

An kwantar da Dalva tun jajibere. Nas ɗin ɗakin, Marinalva, doguwa ce mai murya kamar ta kwandasta. Ta tsaya a gindin gado ta ce daga tsakar dare ba ci ba sha, ko ruwa, sai an fito daga tiyata.

"Kai mai filas, da kai nake. Na san irinku."

"Ni? Dona Marinalva, ni ko ƙamshi ba zan bari ta shaƙa ba. Zan tsaya a bakin hanci da sanda."

Da gari ya waye ya biya ta gidan uwarsa ya yi wanka. Gidan ya riga ya kacame. Mata sun kewaye baho suna yanka kuɓewa ƙanana-ƙanana, an jiƙa wake na ƙosai, kaji na tafasa, gugguru na tsalle a tukunya, yara na leƙe ta taga suna lissafin wanda zai shiga cikin yara bakwai da bisa al'ada su ke fara ci da hannu a tabarma. Tukunyar farko ta nuna, wadda ake zuba wa waliyyai. Dona Zuleide ta ɗauko filas ɗinsa mai faɗin baki, na madara, ta cika shi da caruru, kuɓewa da manja da busasshen jatan lande da gyaɗa da kashu, ta murɗa murfi.

"Mainha, an hana."

"Na ce ka ba ta yanzu? Ni ba mahaukaciya ba ce. In an fito da ita ta lasa. Uwar tagwaye ba ta wuce ranar nan ba ta ɗanɗana ba. Tukunyarsu ce wannan, daga ita na zuba musu."

"To."

"Kuma ka iya bakinka a gabanta. Kar ka je kana ba ta labarin abin da aka dafa. In mai ciki ta yi kwaɗayi aka hana ta, ka san sauran."

Ya san sauran, wa bai sani ba? Yaro ya fito da tambarin abin a jikinsa, ko baki a sake yana dalala, wanda ya hana kuma hazbiya ta fito masa a ido, kowa ya gane shi. Shi kansa Bira yana da wani jan tabo a kafaɗa, an ce mangwaro ne da ubansa ya ƙi hawa bishiya ya tsinko. A tasha kuwa, mai ciki ko kallon burodinsa ta yi sai ya gutsura mata. Ba tambaya. Haka ya tashi ya ga ana yi.

Mai gadin asibiti na bincika jaka saboda abinci. Ya ga filas, ya ga Bira, ya ce, "Sarkina, yau ba motar?"

"Motar na hutu, direba na jinya."

Ya wuce. Ya tura filas ɗin can ƙarƙashin kujera, bayan takalma.

An ce da safe za a shiga da ita. Hantsi ya yi, ba labari. An ce matar farko aikinta ya yi wuya. Dalva na zaune a gado cikin rigar asibiti mai igiya a baya, leɓɓanta sun bushe sun tsage. Kuma wanda ya gina asibitin nan bai yi tunanin wannan rana ba, don tagogin suna kallon unguwa. Salvador kaf tana suya. Ƙamshin manja mai zafi na shigowa kamar an aiko shi, har daga kicin ɗin asibitin ma, inda masu girki ke haɗa nasu a ɓoye.

Bira ya tashi ya rufe taga. Dalva ta ce zafi. Ya buɗe. Ya soma ba ta labarin wani fasinja da ya biya gahawa da haƙorin roba jingina, ba ta saurara ba.

"Bira."

"Na'am, sarauniya."

"Me ke cikin filas ɗin can?"

"Wane? Wancan? Iska."

"Tun da ka shigo nake jin sa."

"Na bayan aiki ne. Mainha ta ce in kin fito. Saura kaɗan."

Ta ɗora hannu a gefen hagu, ƙasa-ƙasa, inda Talaka take. Sanata ta saba shure-shure dare da rana, amma ƙaramar ta daɗe ba a ji ta ba, ba ta da wurin motsi.

"Ta motsa," in ji Dalva.

"Wa?"

"Ƙaramar. Da ƙamshin ya shigo ta motsa. Ba ni ke so ba, Bira. Ita ce." Ta haɗiye yawun da babu. "Tun da aka halicce ta ba ta taɓa ƙoshi ba. Komai ya zo sai 'yar'uwarta ta kwashe. Yau abu ɗaya ta roƙa."

"Dalva, nas ɗin nan za ta yanka ni."

"In aka shiga da mu ba ta fito ba fa? Ta tafi da kwaɗayi?"

Bira ya miƙe. Ya leƙa baranda, ba kowa. Ya yi lissafi irin nasa. An ce ciki kawai za a kashe da allura, idonta biyu za a yi aikin. To ina ruwan tumbi da mahaifa? Ɗaki daban, ƙofa daban. Kuma yadda asibitin nan ke tafiya, kafin a zo ɗaukarta ai ya narke. Cokali ɗaya. Lasa kawai.

Ya ja labule ya murɗe murfin.

Cokali ɗaya ya zama uku. Ta lumshe ido tana tauna, hawaye na gangarowa, tana cewa, "Ci, 'yata, ci." Wa zai fizge cokali a nan? Sai da filas ya kusa rabi ya karɓe, ya goge mata baki da gefen rigarsa, ya fesa turaren hammata a iska.

Bai gama mayar da filas ɗin ba ya ji ƙarar keken marasa lafiya.

"Uwar biyu, an kira ki," in ji Marinalva. Ta ja hanci. "Wa ya yi wanka da turare a nan?"

"Ni ne. Zan gana da manyan mutane."

A ƙofar tiyata wani dattijo mai furfura a gira ya tare su, Dotor Aurélio, shi ke ba da maganin barci da na kashe zafi. Ya tambayi suna, ya tambayi ko wani magani na ba ta matsala, sannan ya ce, "Yaushe rabonki da abinci?"

"Tun jiya, Dotor," Bira ya yi caraf. "Ko yawu sai ta nemi izini take haɗiya. Ni ma na taya ta, dubi yadda na rame."

"Ita na tambaya."

Dalva ta kalli cinyarta.

Dattijon bai matsa ba. Ya ciro 'yar fitila daga aljihu, kamar yadda yake yi wa kowa don ya ga faɗin maƙogwaro. "Buɗe baki, 'yata. Fito da harshe."

Manja ba ya ɓuya. Harshen ya yi ja-ja-ja kamar an shafa masa fenti, ga ɗan ɓawon jatan lande maƙale a dasashi. Dotor Aurélio ya kashe fitila ya mayar aljihu. Bai ɗaga murya ba.

"Caruru?"

"Lasa ce, Dotor. Ko cokali bai cika ba. Kuma ai ba barci za ku sa ta ba, an ce ciki kawai..."

"In komai ya tafi daidai. In jini ya ɓalle fa? Sai in sa ta barci nan take, ba jira. Abin da ke tumbinta ya taso ya gangara huhu. Kuɓewa da manja a huhu. Ka shigo da mutum uku, ka fita da wa?"

"Dotor, ranar waliyyai ce. Su da kansu..."

"Ni ma uwata ta dafa, yana jirana a gida. Awa takwas. A shigo da ta ukun."

Bira ya bi shi da magana, ya roƙa, ya yi barkwanci, ya ce a ɗora laifin a kansa a yi masa allurar shi. Ƙofa ta rufe. Marinalva ta juya keken. Suna komawa suka yi kiciɓis da matar ta uku ana turo ta, wata 'yar ƙauye daga can cikin sertão, ƙasar fari, mijinta na biye da hula a hannu. Bira ya matsa ya ba su hanya.

Yinin nan ya yi tsawo. Daga unguwa ana jin yara na waƙar waliyyai, ana harba tartsatsin wuta. Dona Zuleide ta kira ta kira, bai ɗauka ba. Jirgin Dotora Solange na yamma ne. Sai aka ce ta sauya tikiti, za ta kwana. Bira ya ji daɗi, ya kuma ji kamar an mare shi.

Da rana ta faɗi likitar ta zo da kanta, 'yar gajeriyar mata mai takalmin roba, idanunta sun yi ja don gajiya. Ta shafa wa Dalva man sikanin ta ɗora abin. Ta daɗe a kan ƙaramar. Ta ce wa wanda ke bayanta, ƙasa-ƙasa, "Da safe ba haka gudun jinin yake ba."

Ba da Bira take ba. Amma kunnen mai talla ne, yana jin kira daga tsallaken titi.

An bar shi ya shiga ɗakin tiyata, aka sa masa hula da riga kamar mai sayar da nama a babban kanti, aka ce ya zauna ta wajen kan Dalva ya riƙe hannunta, kar ya taɓa komai, kar ya yi magana. Ramin da aka huda bai kai na maɓallin riga ba. Ƙarfen ya shige, allon talabijin ya kawo wani ruwa mai duhu-duhu, kamar teku bayan ruwan sama, da 'yan ɓurɓushi suna yawo. Sai ga ƙafa. Ƙafa sosai, da yatsu biyar, ta wuce ta gaban kamara kamar mai jin haushin an shigo mata ɗaki.

"Babbar ke nan," in ji Dotora.

Ta karkata ƙarfen. Can gefe, ga wata aba naɗe cikin fatar mahaifa, tsam, kamar alala a ganyen ayaba. Hannu ɗaya a kan fuska.

"Ga ƙaramar."

Dalva ta matse masa yatsu. Bira ya buɗe baki zai ce Talaka, ga 'yan agaji sun iso. Sai ya mayar ya rufe.

Daga nan sai jijiyoyi. Sun bazu a kan mabiyiya, ja da shuɗi, sun hau juna sun sarƙe, sak wayoyin satar wuta a kan falwayar layinsu. Dotora na bin su tana kiran sunansu ga mai taimaka mata, wannan daga ƙarama zuwa babba, wannan ma, wannan ma. Ɗan jan ɗigo ya sauka a kan jijiya, ta taka wani abu da ƙafa, jijiyar ta yi fari ta motse. Ta wuce ta gaba. Haka ta yi ta yanke musu layi ɗaya-ɗaya, ba gaggawa, sannan ta ja zare na ƙuna daga wannan gefe zuwa wancan, ta raba gidan biyu. Aka zuƙe ruwan da ya yi yawa, galan guda da wani abu. Cikin Dalva ya sassauta, ta ja numfashi har ƙasa, irin wanda ta manta da shi.

"Zuciya biyu na bugawa," in ji Dotora tana cire safar hannu. "Sai mu ga gobe."

Jini bai ɓalle ba. Dotor Aurélio bai sa kowa barci ba. Bira ya lura da wannan, ya ajiye shi a ransa, bai san ko na kare kai ba ne ko na ƙara wa kai azaba.

Washegari aka kawo na'urar sikanin bakin gado. Babbar na nan, bugun zuciyarta ya cika ɗakin kamar gangunan unguwa ana gwaji. Dotora ta matsa gefen hagu. Ta danna. Ta sauya wuri. Ta rage ƙarar na'urar, alhali ba abin da ke fita.

Dalva ba ta yi kuka a lokacin ba. Ta ce, "Ta dai ci." Ta juya fuska bango.

Bira ya tare likitar a baranda, tana jan 'yar akwatinta za ta filin jirgi.

"Dotora, tambaya ɗaya. Da an yi da safe fa?"

Ta tsaya. "Ban sani ba."

"Ke ce fa likita."

"Shi ya sa. Irin wannan, ko an yi a kan kari, sau da yawa ƙaramar ba ta kai labari. Rabonta na mabiyiya kaɗan ne, da aka raba sai ya kasa riƙe ta. Da kun zo mini makonni uku da suka wuce, da wata maganar muke."

"Wato ba ni ba ne."

"Ban ce ba."

"Wato ni ne."

"Shi ma ban ce ba. Da safe ta fi ƙarfi, da yamma ta yi rauni, wannan na gani da idona. Ko da ta tsira, ko da ba ta tsira ba, ba wanda zai iya gaya maka. Abin da na sani, da ta mutu jijiyoyin na haɗe, da ta ja 'yar'uwarta. Ka kula da matarka. Za ta ɗauke su su biyu har ta haihu."

Ta ja akwatinta. Bira ya fi son a ce ta zage shi.

Kafin Dalva ta dawo gida labari ya riga ta, kuma ya rabu biyu. Dona Zuleide na gaya wa duk wanda ya tsaya cewa loman nan ne ya riƙe ƙaramar har aka raba su, waliyyai sun ɗauki ɗaya sun bar ɗaya, da ba a ci ba da duka sun tafi. Yayar Dalva kuwa ta ce a gaban mutane, a bakin famfo, wasu mazan da filas suke kisa. Makonnin da aka kwashe a layin gwamnati ba wanda ya tuna da su. Layi ba shi da fuska, ba ya sayar da gahawa a Lapa.

Sai ga hazbiya. Ta fito masa a idon dama, ƙatuwa, ja, mai baki. Mai kemis ya ce yawan murza ido ne da hannu mai datti. A tasha kuwa abin nema ya samu.

"Kai sarkina, wace mai cikin ka hana abinci?"

"Bira marowaci. Dubi ido kamar tumatir."

"Faɗi gaskiya, burodi ta roƙa ko madara?"

Da can da ya mayar musu guda goma kafin su rufe baki. Yanzu sai ya zuba gahawa ya miƙa canji, ya ƙara ƙarar lasifika.

Dalva ba ta taɓa cewa kai ne ba. Sau ɗaya ya gwada buɗe maganar, ta ce, "Ni na roƙa." Ya ce, "Ni na buɗe." Ta ce, "To." Shi ke nan. Amma daga ranar ba ta sake cewa tana son wani abu ba. Wata uku tana kwance, ko ruwa take so sai ta jira yayarta. Ya kan dawo da mangwaro, da ƙosai mai zafi na matar bakin coci, ya ajiye kusa da ita, ta ce an gode, ya tarar da shi da safe yadda ya bar shi. Ya daina kafa baki a cikin. Bai san da wacce zai yi magana ba.

An haifi Damiana kafin Kirsimeti, bakwaini amma mai ƙarfin huhu. Cosma ta biyo tare da mabiyiya, ta lallatse ta bushe kamar furen da aka manta a cikin aljihu. Dalva ta ce a nuna mata. Bira ya fita baranda.

Satumba ta zagayo. Dona Zuleide ta ce bana tukunya biyu za a ɗora, na godiya. Bira ya ce shi yana da aiki a tasha. Dalva, wadda ke ba Damiana nono, ta ce ba tare da ta ɗago ba, "Za mu je." Wannan ne abu na farko da ta nema a wurinsa cikin shekara, don haka ya je.

Ita ta yanka kuɓewar farko, kamar yadda uwar tagwaye ke yi. Yara bakwai suka zauna a tabarma suka yi kaca-kaca da baho, suna shafe hannu a jikin fararen kayan mata, ana tafi ana waƙa. Damiana na yawo daga hannu zuwa hannu, kumatu kamar burodi, kowa na cewa ga 'yar waliyyai, ga abin al'ajabi. Bira ya saurara da kyau. Tun safe ba wanda ya ambaci ɗayan sunan.

Aka zo rabon manya. Ya rakuɓe a bakin ƙofa kusa da tankin ruwa, ya ce cikinsa ba daɗi. Rabonsa da caruru tun ranar, ko ƙamshin ya ji a titi sai ya tsallaka. Sai ga Dalva da faranti. Ita ta zuba da hannunta, ya gan ta a bakin tukunya tana juya ludayi, tana dubawa, ta daɗe.

"Ci."

"Dalva..."

"Ni na ci da ka ba ni."

Ya karɓa. Ya sa cokali, ya ji ya ci karo da wani abu. Ya ture miyar gefe. Kuɓewa ce guda, ba a yanka ba, da kanta da jelarta. Guda bakwai ake jefawa a tukunya, kuma duk wanda ta faɗo a farantinsa, waliyyai sun nuna shi, shekara bakwai zai yi yana dafa nasa caruru a gidansa. Ya yi sauri zai danne ta a ƙarƙashin shinkafa, amma wani maƙwabci ya riga ya hango.

"Jama'a, ta faɗa wa Bira!"

Gida ya ɗauki shewa. Ana dukan bayansa, ana cewa mai gahawa ya zama mai miya, ana tambaya ko a filas zai raba. Dona Zuleide ta ɗaga hannu sama tana hawaye, ta ce waliyyai ba sa kuskuren faranti.

Dalva ba ta yi dariya ba. Ta karɓi Damiana daga hannun wata ta saɓa a kafaɗa, ta matso yadda shi kaɗai zai ji.

"Na uwarka na Damiana ne. Namu na Cosma. Za ka faɗi sunanta a bakin ƙofa, da muryar nan taka ta tasha, kowa ya ji na wa yake ci."

"Shekara bakwai, Dalva."

"Ni zan yanka. Kai ka raba, ka iya."

Ta koma cikin mata. Bira ya tsaya da faranti a hannu, manja na taruwa a gefe ɗaya. Wani yaro ya ja masa wando ya ce in ba zai ci kuɓewar ba ya ba shi. Bira ya dube shi, ya ɗauke ta da yatsu ya sa a baki. Ta huce, ga yauƙi. Ya daɗe yana tauna kafin ta wuce.